Tukunyar Itacen Yayana a Jamus da Duron Wankan Jegon Inna a Zongo

Ranar da na sauka gidan yayana a ƙasar Jamus, cikin watan Janairun 2023, ma'aunin da ke manne a bakin ƙofarsa yana nuna digiri 6 ƙasa da sifili. Ni kuwa ɗan Zongon Lome ne, garin da in hunturu ya sauko da zafi zuwa digiri 22 da asuba, za ka ga dattawanmu sun lulluɓe da mayafi sun nufi masallaci suna cewa sanyin bana ya fi na bara. Taku goma ne tsakanin mota da ƙofar gidan, amma kafin in gama su na daina jin kunnuwana. Muna shiga falo sai na tarar da 'ya'yansa suna wasa a ƙasa, ba takalmi, ba rigar sanyi, kamar a tsakar gidanmu na Agoe-Zongo.

Bayan gaisuwa da shan shayi na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, wai ina wutar take? Ban ga kasko ba, ban ga garwashi ba, ko ƙaurin hayaƙi ban ji ba." Ya yi dariya ya ce, "Taso mu sauka ka gaida mai gidan."

Gidan tsoho ne, a wani ƙauye na jihar Bavariya, tafiyar awa ɗaya da rabi daga Munik. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ga wani akwatin ƙarfe kamar babban firij mai ƙofa uku, gefensa tankuna biyu da suka fi ni tsawo, an naɗe su da abin riƙe zafi, ga bututai sun haura sama. Jikin bango kuwa faskararren itace ne a jere, tsaf kamar littattafai a kanta.

Na ce, "Itace?"

Ya ce, "Itace mana. Irin wanda Inna take turawa ƙarƙashin duro."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin a lokacin ƙanwarmu tana da tsohon ciki, kuma kowa a gida ya san cewa nan da wata uku Inna za ta sake zama gaban duro cikin hayaƙi, safe da yamma, har kwana arba'in. Mu a Lome ba ma ɗumama ɗaki. Amma muna dafa ruwa da itace, da yawa kuwa, kuma abin da na gani a ɗakin nan ya shafe mu fiye da yadda na zata.

Yadda tukunyar take cin itace

Abu na farko da Yaya ya fahimtar da ni shi ne hayaƙi makamashi ne da bai ƙone ba. Idan itace ya yi zafi, yana fitar da wata iska mai cin wuta, kuma fiye da rabin ƙarfin itacen yana cikin wannan iskar. In ta sami zafi da iskar shaƙa isassu sai ta kama ta zama harshen wuta. In ba ta samu ba, sai ta tashi a matsayin hayaƙi, ta shiga idon mai girki da ƙirjinta, ta baƙanta rufin madafa. Wato duk hayaƙin da ka ga ya turnuƙe gida, kuɗin mai gidan ne ke tashi sama.

Tukunyar Yaya an ƙera ta ne don kada wannan iskar ta tsere. Ɗaki biyu gare ta. Na sama shi ake cikawa da faskare mai tsawon rabin mita, yana ɗaukar kilo 40 da ɗoriya. Akwai fanka da ke jawo iska zuwa ƙasa, saboda haka wutar ba sama take tashi ba, ƙasa take sauka ta wata 'yar tsaga zuwa ɗaki na biyu wanda aka shafe da tubalin da ke jure wuta. A can ake ƙara mata iska, sai hayaƙin ya kama, zafinsa ya kai digiri 1,000 ko fiye. Ya buɗe mini 'yar tagar leƙe na ga harshen wuta mai haske yana hurowa kamar na maƙera, ba baƙi ko kaɗan.

Jikin tukunyar duka ruwa ne ya kewaye shi. Zafin yana ratsa ƙarfe ya shiga ruwan har ya kai digiri 80 zuwa 85, sai ƙaramin famfon lantarki ya tura shi cikin bututai zuwa faifan ƙarfe da ke jikin bangon kowane ɗaki. Ruwan ya saki zafinsa a ɗaki, ya huce, ya dawo tukunya a sake ɗumama shi. Ruwa ɗaya ne ke ta zagaye duk lokacin sanyi. Irin waɗannan tukwane, waɗanda kamfanoni kamar Fröling da ETA na Ostiriya da Atmos na ƙasar Cek ke ƙerawa, suna kama kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na ƙarfin da ke cikin itace.

Na tambaye shi amfanin tankunan nan biyu. Ya ce su ne asusun gidan. Itace ba ya son a ci shi a hankali: in ka rage masa iska don ya daɗe, sai ya koma hayaƙi da kwalta. Don haka ana barin wutar ta ci da ƙarfinta na awa 5 ko 6, zafin da gida bai buƙata a lokacin sai a tara shi cikin ruwan tankunan, lita 1,000 kowanne. Wuta ta mutu da dare, gidan ya ci gaba da shan ɗumi daga tanki har gobe. Shi ya sa sau ɗaya yake hura wuta a rana, da yamma in ya dawo daga aiki, sai in sanyi ya tsananta ya ƙara da safe. Dokar Jamus ma ta wajabta tankin: aƙalla lita 55 ga kowane kilowat na ƙarfin tukunyar da ake zuba wa itace da hannu.

Itacen da ya shekara biyu yana jira

Washegari ya zagaya da ni bayan gida. Rumfuna uku na itace, kowace da rufi a sama, gefunanta a buɗe, an ɗaga itacen daga ƙasa. Ya nuna ta farko ya ce wannan ta bana ce, ta biyu ta baɗi, ta uku kuwa bai daɗe da faskara ta ba, sai shekara biyu nan gaba. Ya ɗauko wata 'yar na'ura mai allura biyu ya soka a jikin faskare, ta nuna 16. Ya ce ruwan da ke cikin itacen ke nan, kashi 16 cikin 100. Doka ta hana ƙona wanda ya wuce 25.

Dalilin a fili yake. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma kafin ya ba ka zafi sai wuta ta fara ƙafar da wannan ruwan. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da kusan kilowat 4 na awa, irin kilowat ɗin da muke saye a mitar Cash Power. Kilo ɗaya na ɗanye kuwa wajen 2 ne kawai. Wanda ya sayi ɗanye ya biya kuɗin ruwa, ya kuma sayi hayaƙi.

Kada mai karatu ya ɗauka abin hutu ne. Yaya yana sayen gungume daga masu daji, shi da 'ya'yansa suke yanka da faskare a ranakun Asabar. Yana kwashe toka, yana goge bututan cikin tukunya. Akwai ma'aikacin duba bututun hayaƙi da doka ta ɗora wa aikin zuwa gida-gida, yana sharewa, yana kuma auna hayaƙin tukunyar duk shekara biyu, in ya wuce ƙa'ida sai an gyara. Sannan in aka ɗauke lantarki fanka da famfo sun tsaya. Amma a 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo a Turai, Yaya ya ce shi barcinsa ya yi, domin makamashinsa na shekara biyu yana jibge a bayan gida, ko da yake itacen ma ya yi tsada a shekarar.

Duron Inna

Na dawo Lome a Fabrairu da wannan abu a kaina. Ga wanda bai san gidajenmu ba, duron jego rabin ganga ne na ƙarfe, yana cin ruwa wajen lita 100, ana ɗora shi kan duwatsu uku ko tsofaffin bulo a bayan ɗaki. Ana tafasa ruwan da ganyen darbejiya, a yi wa mai jego wanka da shi safe da yamma. A al'ada mijin mai haihuwa ne ke kawo itacen, kuma yawan itacen da ya sauke yana cikin abin da dangin mata ke auna shi da shi. Inna ta yi wa 'ya'yanta, ta yi wa 'ya'yan 'yan'uwa, ta yi wa baƙin da suka haihu a Zongo ba su da uwa kusa. Shekara talatin da wani abu tana wannan aiki don Allah. Abin da ta samu a jikinta shi ne ido mai ruwa kullum da tarin da ba ya barinta in damina ta shigo.

Inna tana budurwa aka tashi tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977, aka dawo da mutane nan arewa, wajen kilomita 15 daga bakin teku, kusa da Togblekope. Takan ce a lokacin daji ne ya kewaye su, yara ake aikawa su yo ƙirare kyauta. Yau daga Zongo har Adetikope gini ne. Itace da gawayi daga nesa suke zuwa, a kan babbar hanyar arewa, daga wajajen Notse da Atakpame da Blitta har gaba. Kowa ya tsaya bakin titi da safe zai ga motoci sun yi lodin buhunan gawayi har sun karkace. A wannan shekarar ta 1977 ce kuma aka sa ranar 1 ga Yuni ta zama ranar dashen itace a Togo, kuma yanzu gwamnati ta ɗauki alkawarin dasa itace biliyan ɗaya kafin 2030. Ana dasawa, mu kuma muna ƙonawa, kuma yawancin abin da muke ƙonawa iska ke kwashewa.

Na zauna na yi lissafi da abin da na koya. Don ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya ana buƙatar wat 1.16 na awa. Lita 100 daga digiri 25 zuwa 95 ke nan kusan kilowat 8. Murhun dutse uku, a fili, iska na kaɗawa, abin da yake isarwa cikin tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Wato dahuwa ɗaya tana cin busasshen itace kilo 14 zuwa 20. Sau biyu a rana, kwana 40, dahuwa 80 ke nan: itace fiye da tan ɗaya saboda jego guda. Tukunyar Yaya za ta yi dahuwa ɗaya da abin da bai kai kilo 3 ba. Ba na mafarkin kawo ta Zongo, kuɗinta ya fi na fili. Amma murhun da aka killace da kyau yana iya kaiwa kashi 30, wato kilo 7 a maimakon 16 ko 18. Wannan kam yana hannunmu.

Wani zai ce a koma gas mana, ko gawayi. Gas ya fi tsabta, babu musu, kuma duk mai hali ya yi girki da shi. Sai dai tun da tukunyar kilo 12.5 ta tashi daga sefa 6,500 zuwa kusan 10,000 a 2022, ban san gidan da zai tafasa lita 200 kullum da ita ba. Gawayi kuma yaudara gare shi: a gida ba ya hayaƙi sosai, amma a daji an ƙona itace kilo 5 zuwa 10 kafin a sami kilo ɗaya nasa.

Kakanninmu ma sun san ɗumama daga ƙasa

Da na ba Inna labarin gidan da ake ɗumamawa da wutar da ke ƙarƙashinsa, ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "To ai gadon ƙasa ke nan." Kakarta, wadda ta zo daga ƙasar Zazzau, ta ba ta labarin gadon da ake ginawa da ƙasa, a bar rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi, mai jego ko tsoho ya kwanta a sama. Gaskiyarta. Mutanen Koriya suna da irinsa da suke kira ondol, inda hayaƙin murhu ke bi ta ƙarƙashin daɓen ɗaki kafin ya fita, mutanen arewacin Sin kuma suna da gadon tubali mai suna kang. Dabarar ɗaya ce da ta tankin Yaya: a tara zafi a cikin abu mai nauyi, ya riƙa sakinsa a hankali.

Sai dai a nan akwai maganar da ya wajaba in faɗa, ko da ba za ta yi wa iyayenmu mata daɗi ba. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Davidson da Parry, sun bi diddigin matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, ciwon da ya yi yawa a yankin ƙwarai. Sun danganta yawansa da haɗuwar abu uku: wanka da ruwa mai tsananin zafi, kwanciya kan gado mai wuta, da shan kunun kanwa mai yawa, domin kanwa gishiri ce da ke tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Ungozomar da ke duba ƙanwata ta faɗa mana haka da nata kalmomin: ruwa mai ɗumi ba laifi, amma ba mai salar da fata ba, a rage kanwa, a riƙa auna hawan jini, in mai jego ta fara haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, a kawo ta asibiti a ranar, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta. Wadda aka yi wa aiki kuwa sai abin da likita ya ce.

Hayaƙin kansa ma ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a gidaje yana kashe wajen mutum miliyan 3 a shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shan wahalarsa. Jaririn kwana bakwai da ake shigowa da shi kusa da duro don ya ji ɗumi yana cikin wannan lissafin.

Abin da muka gina

Na sami mai walda a bakin titi da wani magini maƙwabcinmu, na zana musu abin da nake so a bayan kwali. Abu biyar ne, duk daga ɗakin Yaya na kwaso su.

Na ɗaya, a killace wutar. Muka gina bango ya kewaye duron tun daga ƙasa har kusa da bakinsa, muka bar tazarar yatsa biyu tsakanin bango da ƙarfe, don zafi ya bi jikin duron ya hau maimakon ya watse. Na biyu, ƙofar wuta ƙarama, da 'yan sandunan rodi a ƙasa da itace zai hau, iska ta shigo ta ƙarƙashinsa. Na uku, bututun hayaƙi na kwano mai tsawon mita biyu da rabi, ya wuce rufin ɗaki. Na huɗu, murfi, wanda ake ɗorawa kawai ba a ɗaurewa. Na biyar, busasshen itace.

Inna ta tsaya tana kallonmu da hannu a ƙugu. Ta ce, "Kai dai ka je Turai ka dawo da aiki. Wutar da ba a ganinta ta yaya za a san ta ci?" Na ce, "Inna, ki ba ni mako ɗaya. In bai yi ba da hannuna zan rushe."

Ai kuwa sai da na rushe. Ginin farko da bulon siminti muka yi shi, kwana shida ya tsage gida biyu, hayaƙi ya riƙa fita ta ko'ina. Siminti ba ya jure wuta, maginin ya faɗa mini tun farko, ni ne na yi gardama don ina son abin ya yi kyan gani. Muka sake da jar ƙasa da aka cuɗa da yashi da busasshiyar ciyawa, aka bar ta ta sha iska kwana biyar kafin a sa wuta kaɗan-kaɗan. Wannan ya zauna. Duk abin da na kashe, har da ɓarnar farko, bai kai jika talatin ba.

Maganar itace kuwa da mijin ƙanwata na yi ta. Na ce masa kada ya jira ranar suna ya sauke lodi don a gani, domin haihuwar za ta faɗo a Afrilu, farkon damina, lokacin da duk itacen kasuwa a jiƙe yake. Ya saya tun Fabrairu, muka faskara shi ƙanana, muka jera kan bulo a ƙarƙashin tsohon kwano, gefe a buɗe. Ba mu da na'urar Yaya mai allura, amma matar da ke sayar mana da itace, wata Ewe da muka daɗe muna ciniki, ta koya mini tata: ka haɗa faskare biyu ka buga, busasshe yana ƙara kamar ƙwarya, ɗanye kuwa sai ka ji dum. Ka duba bakinsa, in ya tsattsage ya bushe.

Allah ya sauki ƙanwata lafiya, aka sami mace. Ni ban auna da sikeli ba, Inna ce ta auna da idonta, kuma ita ba ta ƙari don ta faranta mini. Ta ce a jegon baya dami uku take ƙonawa a rana, wannan karon ɗaya da rabi, wata rana biyu in an yi ruwa. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne na yamma. Da yake bangon ƙasar yana riƙe zafi, murfi kuma na rufe, ruwan da aka ƙara bayan wankan safe yakan kai la'asar da ɗuminsa, sai 'yar wuta kaɗan ta ƙarasa shi. Da asuba kuma tsofaffin gidan suka samu ruwan alwala mai ɗumi ba tare da an hura komai ba. Itacen da ya rage bayan arba'in da shi aka yi girkin Babbar Sallah.

Ba komai ne ya yi daidai ba. Hura wutar farko ya fi wuya, sai an sa ƙirare a gindin bututu ya yi zafi kafin ya fara ja. Bututun yana tara baƙi, sai an sauke shi an kakkaɓe duk mako biyu, in ba haka ba hayaƙi ya dawo ta ƙofa. Ɗiban ruwa daga sama ya ƙara nisa saboda kaurin bango, sai da muka gina ɗan matakala. Kuma duron ya zauna wuri ɗaya ke nan, ba a ɗaukarsa a kai gidan maƙwabta kamar da.

Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. A Nijar an daɗe da murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, a Gana akwai kurfotin Gyapa da Toyola masu cikin yumɓu, a Kaduna an yaɗa wani mai suna Save80. Galibinsu na tukunyar tuwo da miya ne. Babban duro, wanda ya fi kowace tukunya cin itace a gidajenmu, a wajen jego da suna da biki da wajen masu dafa wake da masu wanki, shi aka bari kan duwatsu uku.

Gargaɗi biyu

Tun da labarin ya bazu, samari biyu sun zo mini da shawarar a toshe duron gaba ɗaya, a ja bututu zuwa banɗaki, ruwan zafi ya riƙa zuwa da kansa kamar na Turai. Don Allah kada kowa ya gwada. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura fiye da sau 1,600, kuma rufaffen duro a kan wuta bam ne. Tukunyar Yaya a rufe take, amma tana da tankin da ke karɓar kumburin ruwa, da bawul da ke buɗewa da kansa in matsi ya yi yawa, da wani da ke sako ruwan sanyi in zafi ya kusa tafasa, kuma ƙwararru ne suka haɗa ta. Namu duron dole ya kasance yana numfashi: murfi a ɗore, ba a ɗaure ba.

Na biyu ya shafi 'yan'uwanmu da ke Turai da Amurka, da mu nan in hunturu ya yi. Kada a shigar da kurfoti ko kaskon garwashi cikin rufaffen ɗaki a kwana da shi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Yaya, da duk ingancin tukunyarsa, sai da ya manna na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iskar. Wanda kuɗin ɗumama gida ya yi masa yawa a can ya ƙara bargo, ya nemi taimako, amma kada ya kunna gawayi a ɗaki.

Kwanan baya Yaya ya kira ta bidiyo, na juya masa waya ya ga ginin namu, jar ƙasa da bututun kwano da ya fara tsatsa. Ya yi dariya ya ce a gaya wa Inna ta zama injiniya. Inna ta karɓi wayar ta ce, "Kai dai ka aiko da maganin ido, injiniyan yana nan yana cika mu da surutu." Amma ni na ji ta da kunnena tana gaya wa wata maƙwabciya, wadda 'yarta ke da ciki wata biyar, cewa ta sa surukinta ya sayi itace tun yanzu ya jera a inuwa, kuma in sun tashi gini kada su yarda a sa musu siminti.